Idan Murnar Cika Shekara da Aure Ta Zo Mako Ɗaya da 1 ga Oktoba

A Gusau, 1 ga Oktoba biki biyu ne: 'yancin Najeriya na 1960 da ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Matasan ma'auratan da ranar aurensu ta faɗo cikin makon sun nemi shawara, kuma bakin waɗanda suka ba su shawarar ya zo ɗaya: kada a haɗa shagulgulan rana guda. A bar wa yara ranar hutun, maigida da uwargida su ɗauki wani daren.

A ciri kuɗi tun 30 ga Satumba, don bankuna a rufe suke ranar hutu. Ɗinkin kore da fari kuwa, a kai wa tela mako biyu kafin lokaci. Alkawarin tela dai an san shi.

Kan girki aka fi daɗewa. Tiya ɗaya ta shinkafa ta ishi baƙi 15. A soya nama tun daren jajibiri. Zoɓo kada a zuba masa sukari sai za a sha, domin in aka ɗauke wuta, zafi kan sa ya yi tsami. Kek mai kirim narkewa yake, a yi marar kirim.

In za a fita kallon fareti, a rubuta lambar waya a saka a aljihun yaro, a dawo gida kafin azahar.