Taƙaitawa: ɗaukar hoton taro mai yawa a Sakkwato

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda za a ɗauki hoton taro mai yawa:

1. Kowa ya yarda a guji ranar tsaka. Rawani da hula suna jefa inuwa a fuska, farar babbar riga kuma haske ya yi mata yawa a hoto. A jira bayan la'asar, ko a nemi inuwar darbejiya.

2. A jera mutane sahu-sahu, manya a kujera. A sa f/8 (ma'aunin faɗin ƙofar haske ta kyamara), a saita kyamara kan sahu na biyu don ya fito tangararau, a ɗauka sau da yawa saboda masu ƙifta ido.

3. Kan filasha aka rabu. Wasu sun ce a harba ta zuwa silin don hasken ya dawo kan mutane, wasu sun ce a rumfa sai fitila biyu da lema mai tausasa haske. Ni ina bayan na biyun.

Da hunturu kada a canja lens (gilashin gaban kyamara) cikin ƙura.