"Ɗa na kowa ne": ta shafi wasannin harbe-harbe na waya?

Malamin Hausa: Jama'a, ga ta yau: "Ɗa na kowa ne." Da ita maƙwabci ke tsawata wa yaro ko ba shi ya haife shi ba. Yanzu wasu na kafa hujja da ita cewa ya kamata gwamnati ta hana yara wasanni irin su PUBG da Free Fire. Hukuma tana cikin "kowa" kuwa?

Lauya: Malam, ko tana ciki, hannunta gajere ne. A 2005 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar cin tarar dala 1,000 ga mai shagon da ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 wasan zubar da jini. A 2011 kotun ƙolin Amurka ta soke ta, alƙalai 7 cikin 9, da hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. Abin da ya rage shi ne tambarin shekaru na ESRB, hukumar tantance wasanni da kamfanonin wasanni suka kafa da kansu a 1994 bayan majalisar dattawa ta taso su a gaba kan wasan faɗa na Mortal Kombat. Harafin M na nufin shekara 17 zuwa sama, amma shawara ce ga iyaye, ba doka ba.

Hajiya Uwargida: Barista, Amurka kaɗai ka kawo mana. Tun 2021 China ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kuma sai da rajista da sunan gaskiya.

Lauya: Haka ne Hajiya, sai dai yara na shiga da katin shaidar manya. Koriya ta Kudu ma ta hana 'yan ƙasa da 16 wasan intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe tun 2011, daga baya ta janye dokar a 2021.

Mai gyaran waya: Ni dai wadda ta fi dacewa a nan ita ce "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." A wayar Android, a saukar da Family Link, manhajar sa ido kan wayar yaro, a wayar uba ko uwa, a buɗe wa yaro akawun da ainihin ranar haihuwarsa, a haɗa su. Daga nan a zaɓi iyakar shekarun wasannin Play Store, a sa awannin yini da lokacin da waya za ta kulle da dare, a kuma tilasta neman izini kafin saye.

Inda ake zubewa: a ƙara wa yaro shekaru wajen buɗe akawun don gudun wahala, shi ke nan kulle ya tashi aiki. Ko a ba shi wayar uwa da akawun ɗinta a buɗe. Babba kuma, aboki ya tura masa wasan ta Xender, bai bi ta Play Store ba balle a tace. Don haka a tabbata an hana saka manhaja daga wata kafa.

Malamin Hausa: Madalla. Amma kada a karkatar da karin maganar "Ɗa na kowa ne." Ba ta sauke wa uba nauyi, tana dai ba na waje damar tsawatarwa.

Hajiya Uwargida: To ai Malam, na wajen da ya fi kusa shi ne mai gidan gem na unguwa. Family Link ba ta kai can. Ɗan shekara 9 zai biya kuɗinsa a kunna masa GTA V, mai tambarin 18 a Turai, ba mai tambaya. Mai unguwa ne zai yi masa magana, ko iyaye su je a ƙungiyance?