Me za mu kira "rile" da Hausa? Neman suna daga gindin fankar lagireto

Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Na zauna ina rubuta bayanin yadda ake bin diddigin matsalar wuta idan fankar lagireto ta ƙi juyawa. Fis yana da sunansa, batir da waya da soket duk sun zama 'yan gida. Da na iso kan ɗan akwatin nan mai ƙafa huɗu ko biyar da ke zaune kusa da fis-fis, wanda Turawa ke ce wa relay, masu gyara kuma su ce rile, sai alƙalami ya tsaya.

Ba ƙin aro nake ba. Wanda ya ce lagireto da kafireto ba Hausa ba ne, sai ya nuna mana abin da bakinsa ke faɗa idan motarsa ta tsaya. Damuwata ita ce rile ba ya gaya wa mai koyo komai. Ka ce fanka, yaro ya san iska ake nufi. Ka ce rile, sai ya ɗauka wani ƙaton fis ne, ya ciro shi ya ɗaga sama yana neman inda ya tsinke.

Ga aikinsa, don mai ba da suna ya san abin da yake raɗa wa. Fanka mai cin wuta ce, tana iya jan amfiya 10 zuwa 20, lokacin tashi ma ta fi haka, shi ya sa ake yawan ganin fis ɗinta mai lamba 30 ko 40. Abin da ke lura da zafin ruwan inji kuwa, ko makunnin zafi ne a tsofaffin motoci ko kwamfutar mota a na bayansu, ba a so a ɗora masa wannan kaya. Sai aka sa wani a tsakani. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe, wadda 'yar wuta kaɗan, ƙasa da rubu'in amfiya, ke mayar da ita maganaɗisu. Maganaɗisun ya fizgo ɗan ƙarfe, ƙarfen ya haɗa bakin manyan wayoyi biyu, ka ji ƙas, wutar batir ta wuce zuwa fanka. Hanyoyi biyu ke nan a akwati ɗaya, kuma ba sa haɗuwa: ƙarama mai ba da umarni, babba mai ɗaukar kaya. A yawancinsu za ka ga lambobi a gindi, bisa tsarin da Jamusawa suka fitar: 85 da 86 na ƙaramar hanya, 30 shigowar wutar batir, 87 fitarta zuwa fanka. Mai ƙafa biyar yana da ƙarin 87a.

Duk sunan da bai nuna cewa hanyoyin biyu ne ba, bai yi mini ba.

Na riga na tambayi mutane, sun kawo sunaye. Na farkon da aka kawo shi ne makunni. Gaskiya ne, amma bai isa ba. A kan wannan layi kaɗai akwai makunnin zafi, akwai inda ake murɗa makulli, akwai na esi. Ka aiki yaro ya duba makunni, sai ya dawo ya tambaye ka wanne.

Wani ɗan'uwa ya ce gada. Na gane abin da ya hango, domin idan ana gwaji akan cire rile a haɗa ramin 30 da na 87 da guntun waya, kuma wannan kam gada ce. To amma ai ka ga matsalar, ɗan'uwa: gada ita ce wayar da ka sa da hannunka, tana nan a shimfiɗe ba mai buɗe ta ba mai rufe ta. Mu bar wa wannan gwaji sunan, a ce "yi masa gada". Ya dace da shi sosai.

Sakata ma an kawo, da mai gadi, da dillali. Dillali ya ba ni dariya, don kuwa rilen da bakinsa ya ci wuta yakan cire la'adarsa kafin ya miƙa wa fanka saura. Sai dai lafiyayyen rile ba ya cin la'ada, bai kamata mu raɗa masa sunan cutarsa ba.

Wani malami ya bi ta asali. Ya tuna mana cewa kalmar daga Faransanci ta shiga Turanci, kuma da can tana nufin hutattun dabbobi da ake ajiyewa a hanya don su karɓi waɗanda suka gaji, kamar dawakan masu kai saƙo. Daga nan ta koma kan na'urar da ke sabunta ƙarfin saƙon talgiram a doguwar waya, wadda aka fara ƙerawa a shekarun 1830, ana kuma yawan danganta ta da Joseph Henry na Amurka. Saboda haka ya ce a kira shi ɗan zango, ko ɗan aike. Allah ya ƙara basira, Malam, bayanin ya ƙayatar. Amma a mota ba gajiyayyen saƙo yake karɓa ya ƙara gaba da shi ba. Wutar da ta shigo ta 86 ba ita ke fita ta 87 ba. Ɗan aike abin da aka ba shi yake kaiwa, shi kuwa wannan raɗa ake yi masa a kunne, ya je ya buɗe babbar ƙofa. Kuma ina ganin ɗan aike ya fi kusa da sensa, mai kai wa kwamfuta labarin zafi.

Nawa shi ne amsa-kira.

Ginin ba baƙo ba ne, ga amsa-kuwwa da amsa-amo muna faɗa ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya ja ni gare shi shi ne sunan ya rabu biyu daidai yadda akwatin ya rabu: ɓangaren kira, 85 da 86, da ɓangaren amsa, 30 da 87. Da zarar mai koyo ya riƙe wannan, tambayoyin bincike su ke zuwa da kansu. An yi kiran? Ya ji? Ya amsa? Amsar ta isa wurin fanka?

Bari in gwada shi a bakin aiki ku gani ko zai ɗauki nauyi.

Mota tana zafi idan an tsaya a cunkoso, allurar ta sauka idan an miƙe hanya. Wannan alamar fanka ce, domin a guje iskar gaba na yi mata aikinta. Ka duba ruwa tukuna, inji a sanyaye, kada ka taɓa murfin lagireto yana da zafi. Sannan ka kunna esi. A galibin motoci wannan kaɗai kan sa fanka ta tashi. Idan ta tashi, to fankar da babbar hanyarta lafiya suke, mai yiwuwa kiran zafi ne ba ya zuwa, sai a koma kan sensa da wayarta. Sensar ruwa irin wadda tirjiyarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, ke raguwa ce idan ta ji zafi, ana kuma auna tirjiya da om: a sanyi mita kan nuna om dubu biyu zuwa uku, a inji mai zafi ta sauko zuwa 'yan ɗaruruwa. Wadda ta tsaya cak a lambar sanyi, ƙarya take wa kwamfuta, kwamfuta kuwa ba za ta yi kira ba alhali an ce mata lafiya lau. A motoci da yawa idan ka zare soket ɗin sensar inji na aiki, kwamfuta kan tayar da fanka don kariya, wanda shi ma gwaji ne mai sauƙi. Kuma kada a yi gaggawar yanke hukunci, fanka da dama ba sa tashi sai ruwa ya doshi digiri 100.

Idan esi bai tayar da ita ba, sai fis. Ka gwada shi da fitilar gwaji ta kunnuwansa biyu, ido na ruɗi. Wanda ya ƙone, aka sa sabo ya sake ƙonewa, ba shi ne mai laifi ba, ko dai waya ta goge tana taɓa jikin mota, ko fankar ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙima. Masu ƙara girman fis ko naɗa masa waya, gobara suke saye.

Sai mu zo kan mutumin namu. A nan sunan ya fi yi mini daɗi, don ya ba mu bakin faɗin cututtukansa uku, waɗanda a da duk "rile ya lalace" ake ce musu.

Akwai wanda ya kurumce. Kira na zuwa, fitilar gwaji ta kama tsakanin ramin 85 da 86, amma ba ƙas. Siririyar wayar ciki ta tsinke. Ka sa mita a ƙafafun biyu: lafiyayye kan nuna kamar om 50 zuwa 120, kurma ba ya nuna komai.

Akwai mai amsawa da fatar baki. Wannan shi ne mugun, shi ke ɓatar da mutane. Kana jin ƙas ɗinsa rangaɗau, ka ce lafiyarsa ƙalau, ka wuce ka sayo sabuwar fanka. Alhali bakin ƙarfen ya ƙone ya yi baƙi, yana taɓawa amma wutar kirki ba ta wucewa. Har mita tana iya yaudara, ta nuna bolt 12 a 87 idan an zare fanka, a mayar da ita kuma wutar ta zube. Ƙas shaidar ya ji kira ce kawai. Maganinsa gada: cire shi, haɗa 30 da 87 da waya mai kauri wadda ke da fis a jikinta, hannu da hannun riga nesa da fuka-fukan fanka. Ta juya da ƙarfi, to ka kama shi. Ko ka ɗauko ɗan'uwansa mai lamba iri ɗaya, na hon alal misali, ka musanya.

Na uku ya maƙale. Zafi ya narkar da bakin ya liƙe, yana ta amsawa ba wanda ya kira shi, fanka na juyawa an zare makulli har batir ya kwanta. A bambanta shi da motar da aka tsara fankarta ta ƙara 'yan mintoci bayan an kashe inji, wannan ba ciwo ba ne.

In an yi gada fanka ta yi shiru, amsa-kira ya fita daga zargi. A duba ko akwai wuta a ramin 30. In akwai, a bi ta zuwa soket ɗin fanka, a duba ko ya narke ko ya yi kore, a kuma duba wayar da ke komawa jikin mota, wadda kowa ke mantawa da ita. Tsatsa a gindin wannan waya kaɗai ta isa ta sa fanka juyin kasala. Ƙarshe a ba fankar wuta kai tsaye daga batir. Wadda sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, burushinta ya cinye. Wadda ke da gudu biyu amma sai babban kaɗai ke zuwa, a nemi rizistan ƙaramin gudun, wato abin da ke rage wa fanka wuta, ko ɗaya daga cikin amsa-kira biyu ko uku da irin waɗannan motoci ke da su.

Nan ne ma zan yi 'yar tsegumi. Ɗaure fanka da makulli ta riƙa juyawa daga tashi har kashewa ba gyara ba ne, toshe kunne ne. Fankar ta tsufa da wuri, ciwon asali yana nan, in kuma ta layin makulli aka ɗora mata kaya ba tare da amsa-kira ba, wayar da ba a yi ta don haka ba ce za ta biya.

Wani dattijo ya tsayar da ni da abin da ban hango ba. Ya ce in an ce wane ya amsa kira, kowa ya san rasuwa ake nufi, to yaro ya zo ya ce rile ya amsa kira, yana aiki ke nan ko ya mutu? Ranka ya daɗe, ka kama ni. Amma ina ganin akwai mafita: suna ne dunƙulalle, ba a warware shi a jimla. Idan yana aiki a ce amsa-kira ya kama. Idan ya lalace a faɗi cutarsa, ya kurumce, ya ƙone baki, ya maƙale. Ba inda za a ce ya amsa kira.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce ya yi kama da na'urar amsa waya. Da sauƙi, Hajiya, babu mai neman wayar tarho a ƙarƙashin bonet. Inda ake tsoron ruɗani a ce makunni amsa-kira, a karon farko kaɗai.

Namiji ne, kamar makunni: amsa-kiran fanka, amsa-kiran hon. Jam'i a bar shi yadda yake, lamba ta yi aikin, amsa-kira uku. A gareji na san rile za a ci gaba da cewa, ni ma in na je saye haka zan ce don kada a kalle ni. A rubutu da koyarwa zan sa amsa-kira.

Saura guda. Sababbin motoci da yawa ba su da shi a layin fanka sam. Wani ɗan akwatin lantarki ne manne da fankar, kwamfuta na aika masa sigina, shi kuma yana ƙara gudu yana ragewa, ba ƙas ba komai, ba kuma ramin da za a yi wa gada. Wannan ba amsa-kira ba ne, don ba i ko a'a kaɗai ya sani ba. Na rubuta linzamin fanka na goge, na sake rubutawa. Masu aikin wayar mota, me kuke ce masa?