Bonsai ɗina ya ƙi barci, ku taimaka min

Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya kawo min ɗan iccen bonsai (ƙaramin icce da ake reno cikin tukunya) daga Faransa, irin na Japan mai jan ganye, ya ce sai ya sha sanyi ƙasa da digiri 7 wajen wata uku ya zubda ganye ya yi barci, in ba haka ba a hankali zai mutu. To nan Maradi ko tsakiyar hunturu sanyin bai kai can, bakin ganyen ya bushe kamar an babbake amma ga sabon toho na fitowa. Na sa shi firigo kwana 4, kuran na ɗaukewa, ƙasar tukunyar ta yi fumfuna na fiddo shi. Wallahi abin na damuna. In maida shi ne ko in aje shi inuwar bedi? Don Allah wa ya taɓa gwadawa?