Abin da aka tattauna kan haɗa 'yan baya a hokin ƙanƙara

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda ya fi kyau a haɗa 'yan baya bibbiyu ta yi tsawo, ga abin da na tattaro don waɗanda ba su bi ba.

1. Kowa ya yarda a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, kowace ƙungiya na zuwa wasa da 'yan wasa 18 da gola 2, yawanci 'yan gaba 12, 'yan baya 6 bibbiyu kashi uku.

2. Mafi yawa sun ce a haɗa mai bugun hagu da mai bugun dama, saboda in faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya biyo jikin katangar filin kowa zai tarbe shi da gaban sandarsa, ba sai ya juya ba har abokin hamayya ya cim masa. An kawo misalin Makar da Toews, 'yan bayan ƙungiyar Colorado da suka ɗau kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2022, gaskiya ni ma nan na karkata.

3. An rabu kan 'yan baya biyu da suka fi gwaninta a ƙungiya, wasu sun ce a haɗa su su sha fiye da minti 20 cikin 60, wasu kuma a raba su kada biyun ƙarshe su zama ɓaraka.

4. Sabon yaro a sa shi gefen tsohon hannu mai tsayawa baya, ba wanda ya musa.

5. Fita da 'yan baya 7 da 'yan gaba 11, wasu na so in akwai mai ɗan rauni, amma masu raba dare suna kallo a nan Kano sun ce yana rikita canjin 'yan wasa da ake yi a kai a kai, koci ya yi ta jujjuya mutane.