Ƙanena ya samu natsuwa a wurin karatu, amma ya daina gaida maƙwabta

Yayar Gida, Maradi:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya daɗe cikin damuwa da shan taramol, kuma tun da ya kama zuwa karatu a wani masallaci ya bar shaye-shaye, barcinsa ya daidaita. Sai dai yanzu ba ya bin kawunmu salla domin kawun ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ne, kuma ya daina gaida maƙwabcinmu Kirista da muka tashi da 'ya'yansa. Ta yaya abin da ya warkar da zuciyarsa ya taurara ta haka?

Malamin Makaranta, Tasawa:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya warkar da shi a fili yake: salla biyar ta tsara masa yini, ya samu abokan da za su nemi lafiyarsa idan ba su gan shi ba, ya kuma samu dalilin tashi da asuba. Amma mutumin da jama'a ta tsamo daga rami yakan ji tsoron rasa ta, sai ya riƙa nuna biyayya ta hanyar ƙin waɗanda ba nata ba. A shekarar 1967 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Allport da Ross, sun gano cewa masu riƙon addini domin samun matsayi da karɓuwa sun fi masu riƙonsa domin addinin kansa nuna wariya.

Ɗan Gobir:
Malam, binciken nan a kan masu zuwa coci aka yi shi, ban ga ya isa ya bayyana Maradi ba. Mu da muka ga tarzomar Nuwamba 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA, da ƙona coci a watan Yunin 2019 bayan kama wani limami, mun san cewa zaman kashe wando da siyasa suna da hannu, kuma matasan da ba su yi nisa a karatu ba ake turawa gaba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, ni damuwar ce ta fi tsaya mini a rai. Idan ya koma rashin barci, ko waswasin alwala ya yi yawa, ko ya fara zargin kowa da yi masa sammu, ku haɗa ruƙiyya da ganin lokotoro, kada a ce aljanu ne kawai a rufe shi a ɗaki. Batun gaisuwa kuwa, kada ku yi masa taron dangi. Ku nemi malamin da yake girmamawa ya karanta masa aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, mai magana kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, da hadisan haƙƙin maƙwabci, domin daga bakinsa zai fi karɓa.