Tsallakar da babur daga Cape Town zuwa Kudancin Amurka: ta ruwa ko ta sama?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamdu lillahi na iso Cape Town ta Afirka ta Kudu lafiya, ƙasa ta ƙare sai teku. Niyyata in tsallaka da babur zuwa Kudancin Amurka, daga can in haura har Alaska in Allah ya yarda. An ba ni farashi biyu, na jirgin ruwa bai kai rabin na jirgin sama ba, don haka raina ya fi karkata ga ruwan. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah a taimaka da shawara.

Baba Direba: Wa alaikumus salam, barka da hanya ɗana. Koma wajen ejan na ruwan ka tambaye shi abu guda: kuɗin nan a ina ya tsaya? Yawanci daga tasha zuwa tasha ne kawai. Idan kaya ya sauka can sai a buɗe maka wani sabon littafin, kuɗin sauke kwantena, kuɗin fasa ta, kuɗin sito, kuɗin takardu, ga ejan na can shi ma da nasa. Kuma ba ka da bakin ciniki, tunda baburinka na hannunsu. Duk wanda ya taɓa fito da kaya daga tashar ruwa ya san dimareji, wato tarar jinkirin fitar da kaya, ba ya jiran kowa. Ka ce ya rubuto maka kuɗin ɗaya ɓangaren a takarda. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Na Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni lokaci ne ma ya fi damuna. Ranar da suka ce jirgi zai tashi ba alkawari ba ce. Idan kwantenar haɗaka ce, sai ta cika tukuna, sannan sau da yawa a sauke ta a wata tasha ta jira wani jirgin. Kai kuma kana otal kana cin guzurinka, bizarka tana ƙonewa. Mu masu fasfon da ba a shiga ko'ina da shi kyauta, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ta sama kuwa cikin 'yan kwanaki ka hau abinka.

Ɗan Fagge: Na ji, amma farashin saman nan fa ya tsorata ni. Baburin bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba, sun lissafa mini kusan kilo 400. Ko cuta ce?

Injiniya: Ba cuta ba ce Malam, haka tsarin yake. Kamfanonin jirgin sama suna auna nauyi, su auna girman akwati, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000. Akwati mai 220 da 90 da 120 zai ba ka kilo 396, ina jin irin wanda suka ƙiyasta maka ke nan. Yanzu cire tayar gaba ka ɗaure ta a gefe, cire gilashin gaba da madubai, kwance kan babur ka kwantar da shi a jikin tanki, ja majanyi ya danne shokoba. Idan ka samu ya dawo 190 da 80 da 100, ka sauko kilo 253. Duba abin da sufana da rabin yini suka rage maka.

Kada ka bari kafinta ya ƙera akwati kafin ka kwance babur, shi yana son wuri ya yalwata, kai kuwa kowace santimita kuɗi ce. Ka leƙa dilolin sababbin babura, sukan yar da firam ɗin ƙarfen da ake kawo musu kaya a ciki. In katako za ka yi, sai mai hatimin ISPM 15, wato wanda aka gasa don kashe ƙwari, in ba haka ba can za a iya hana shi shiga.

Na Damagaram: A ƙara da cewa a jirgin sama babur kaya ne mai haɗari, lambarsa UN 3166, akwai takardar da ƙwararre zai cike kuma kai za ka biya. Fetur kada ya wuce kwatan tanki, wasu ma sai sun ga kusan ƙaf. A cire kan batir a naɗe da salatif. Gwangwanin man feshin sarƙa da tukunyar gas ta girki ka ba wani kyauta, ba za su hau ba.

Alhaji Kwantena: Ku dai kun taru kun yi wa ruwa taron dangi. Idan mutum ya samu abokan tafiya, babura huɗu ko biyar suka haɗa kwantena mai ƙafa 20 tasu ta kansu, ko ya raɓa da masu mota a mai ƙafa 40, lissafin ya sauya. Ku za ku tura baburanku ciki, ku ɗaure da hannunku, a rufe a buga sil a gabanku, ba akwati ba kwance taya, kayanku duka a ciki. Kuɗin tasha kuma a raba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jirgin da ake tuƙa abin hawa a shiga da shi, don dole ka miƙa makulli, kuma duk abin da ka bari a jiki ka yi masa addu'a.

Baba Direba: Alhaji, shi kaɗai ne fa a Cape Town. Kafin ya tara mutum huɗu masu zuwa wuri ɗaya a wata ɗaya, gemunsa ya yi fari kamar nawa.

Alhaji Kwantena: Haha, to na sallama a wannan zangon. Amma ya ajiye shawarata, zai neme ta a Kolombiya.

Hajiyar Kumasi: Sannunku da ƙoƙari. Ni maganar takarda ce ta kawo ni, don ita ce aikina a tafiyarmu da maigida. Ƙanena, Carnet ɗinka, wato littafin kwastan da ka ajiye kuɗi aka ba ka don babur ya riƙa shiga ƙasashe na wucin gadi ba haraji, a ina aka buga masa hatimin shiga na ƙarshe?

Ɗan Fagge: A iyakar Namibiya, Hajiya, da na fito daga Angola. Da na shigo Afirka ta Kudu ba su taɓa shi ba.

Hajiyar Kumasi: Daidai ne, Namibiya da Botswana da Lesotho da Eswatini da Afirka ta Kudu kwastan ɗinsu tarayya ce. To wannan shafin a buɗe yake. Dole kwastan na wurin da babur zai tashi su buga hatimin fita a ƙututturen da ke cikin littafin, su yage nasu ɓangaren. Idan aka manta, a takarda baburinka bai bar ƙasar ba, kuɗin ajiyarka zai maƙale, har a iya neman ka da haraji. Ka tsaya a kansu, ka gani da idonka, kada ka yarda ejan ya ce zai aiko maka daga baya. Sannan ka duba takardar jirgin harafi da harafi: sunanka yadda yake a fasfo, lambar jikin babur da ta inji yadda suke a takardar mallaka. Kai ne mai aikawa, kai ne mai karɓa.

A Kudancin Amurka kuwa ka adana Carnet a ƙasan jaka. Kowace ƙasa takardar shigo da abin hawa ta wucin gadi take bayarwa a bakin iyaka. Ka dai lura da ranar ƙarewarta, kuma ka tuna shi kansa Carnet shekara ɗaya yake yi.

Injiniya: Wurin sauka, ni filin jirgin Ezeiza na Buenos Aires a Ajantina ko na Santiago a Chile zan ce. Ka tafi da sufanunka a jakar da za ka sauka da ita, da 'yar jarka ka sayi fetur a hanya, da famfon taya. A harabar sito za ka haɗa babur, masu dako za su kama maka ka sa tayar gaba.

Ɗan Fagge: Allah ya saka. Alhaji, me ke Kolombiya?

Alhaji Kwantena: Dajin Darien. Babbar hanyar da ta ratsa nahiyar ta yanke a nan, daga ɓangaren Panama a garin Yaviza ta tsaya, tsakani kimanin kilomita 100 na daji da fadama, babu titi. Dole ka sake loda babur. Ko kwantena daga tashar Cartagena ta Kolombiya zuwa Colón ta Panama, ko jirgin sama daga Bogotá, babban birnin Kolombiya, zuwa birnin Panama. A Cartagena matafiya ba sa yankewa, masu neman abokin kwantena kullum akwai su, kuma tafiyar ruwan gajeruwa ce. Nan ne ruwa ke da riba.

Na Damagaram: Ko nan ɗin ni sama zan bi, a kan farantin lodin kaya ake ɗaure shi yadda yake, ba akwati. Amma ya bari sai ya kusa ya kwatanta farashi.

Baba Direba: In kuma daga baya Ostireliya na cikin lissafinka, wanki za ka yi na gaske. Masu bincikensu ƙasa da 'ya'yan ciyawa suke nema, har ƙarƙashin madgad, cikin matatar iska, jikin turakun tanti da ƙasan takalmi. Buroshin haƙori ake sawa.

Ɗan Fagge: Wannan sai Allah ya kai mu, Baba. Gobe zan kwance shi in auna, in mayar wa ejan na sama da sabon awo. Injiniya, akwatunan gefen fa, a cikin akwatin zan cusa su ko in tafi da su a jirgin da zan hau?

Injiniya: Cusa su a gurbin da tayar gaba ta bari, wurin ai ka riga ka biya kuɗinsa. Ka dai bar su a buɗe don masu bincike, kuma ka ɗauki hoton komai kafin a rufe.